BABI NA UKU: MAKEWAYI DA WURIN WANKA A GIDAN BAHAUSHE JIYA DA YAU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manyan sassan gidan Bahaushe na gargajiya, tun daga zaure da shigifa har zuwa tsakar gida da turaka. Wannan babi kuwa zai dubi wani sashe wanda ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato makewayi. Duk wanda ya buɗe littattafan da aka rubuta a kan ginin Hausawa, kamar na J. C. Moughtin (1985) da na Z. R. Dmochowski (1990), hankalinsa zai fi tafiya ga bakan gizo da tulluwa da zankwaye da zanen da ake yi wa fuskar zaure. Ba abin mamaki ba ne, domin su ne ido yake fara gani. Amma mutum yana iya yin wata guda bai shiga zauren wani babban gida ba, alhali ba ya iya yini ɗaya bai shiga makewayi ba. Lafiyar mutanen gida da tsarkinsu da sirrin matansu duk a wannan ɗan lungu suke rataye. Saboda haka za a duba yadda aka tsara shi a da, da yadda ya koma a yau, da kuma sabon yayin da ya shigo na kusanto da tsirrai da kayan ƙasa cikin banɗaki.

3.1 Sunayen Makewayi

Bahaushe mutum ne mai kunya, don haka bai yarda ya kira wannan wuri da sunan abin da ake yi a cikinsa ba. Kalmar makewayi ta fito ne daga aikatau kewaya, wato wurin da ake kewayawa. Banɗaki kuma taƙaitawa ce ta bayan ɗaki, haka ma bayi. Idan mutum ya tashi daga cikin jama'a sai ya ce zai kewaya, ko zai zagaya, ko zai kama ruwa, kowa ya gane ba tare da an faɗi abin da kunne zai ƙi ba. Shi kuwa ramin kansa ana kiransa masai ko salga ko shadda, gwargwadon karin harshen wuri. Waɗannan sunaye sun nuna abu biyu. Na farko, wurin a baya yake, nesa da ido. Na biyu, a tunanin Bahaushe makewayi da masai ba abu ɗaya ba ne: makewayi fili ne da aka killace, wanda ake wanka da fitsari a cikinsa, masai kuma yana iya kasancewa a gefe ɗaya na wannan fili ko a wani wuri dabam.

3.2 Tsarin Makewayi na Gargajiya

A gidan gargajiya ana ajiye makewayi ne a kusurwar gida, jikin katangar baya, nesa da madafa da rijiya. A birane ana kewaye shi da katangar tubali wadda ta ɗara tsawon mutum, a ƙauyuka kuma da zana ko dannin kara. Sau da yawa ba a sa masa ƙyaure. Maimakon haka sai a karkata mashigarsa, a ja wata 'yar katanga ta sha gaban ƙofar, ta yadda wanda ke tsakar gida ba zai hango na ciki ba. Buta da aka ajiye a bakin mashiga, ko zanen da aka rataya a kan katanga, ko gyaran murya, su ne ke sanar da cewa akwai mutum. A gidan da yake da wadata akan yi wa kowace mace nata a bayan ɗakinta, sannan a yi wani a ƙofar gida saboda baƙi maza da samari, don kada buƙata ta sa su ratsa cikin gida inda mata suke cikin kulle.

Babban abin lura shi ne, makewayin gargajiya ba shi da rufi. Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka talauci ne ko kasala. Alhali maginan da suka iya ɗaurin guga, suka rufe manyan soraye da azara, ba za su gagara rufe ɗan wurin da bai wuce taku huɗu ba. Barinsa a buɗe yana da dalili. Rana tana shiga ta busar da ƙasa tsakanin wankan safe da na yamma, iska tana ɗauke wari, danshi kuma ba ya samun wurin zama, balle ya ci gindin katangar ƙasa. A ƙasar da zafin rana yake kaiwa kusan digiri 40 a watan Afrilu, rana ita ce ma'aikaciyar tsafta wadda ba a biyanta ko kwabo. Illarsa tana fitowa ne da hunturu da kuma lokacin da ruwan sama yake zuba, shi ya sa ake ɗumama ruwa da asuba, tsofaffi kuma su jira hantsi.

Ƙasan wurin wanka akan shimfiɗa masa faffaɗan dutse ko tsakuwa ko fasassun tukwane, inda mai wanka zai tsuguna ko ya zauna a kan 'yar kujera. Wasu gidajen daɓe suke yi, irin wanda mata suke taruwa su buga da madaɓi suna waƙa, a yayyafa masa ruwan makuba ko na bagaruwa don ya yi tauri. Makuba ana samun ta ne daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato dattin da ake kwasowa daga gindin karofin marina a ƙona, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara. Laso shi ne simintin Bahaushe kafin zuwan na Turawa, da shi ake shafe rufin soro da duk inda ruwa yake yawan taɓawa. Ruwan wanka kuma yana fita ta wata 'yar kafa da aka huda a gindin katanga, ya bi rariya zuwa waje.

Masai rami ne mai zurfi wanda ake tsuke bakinsa, a gitta itace mai ƙarfi ko azara, a rufe da ƙasa, a bar ɗan ƙaramin baki. Wasu sukan kifa wuyan tsohon tulu a bakin don ya zauna daidai, a rufe da kasko ko sakaina. Mata sukan zuba tokar murhu a ciki don rage wari da ƙuda. Idan ya cika sai a toshe shi a haƙa sabo.

Addinin Musulunci yana da hannu sosai a wannan tsari. An hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya yayin biyan buƙata. Ko da yake malaman Malikiyya sun yi sauƙi idan a cikin gini ne, magina sukan kiyaye, su juya bakin masai ta yadda mai tsuguno zai dubi kudu ko arewa, tunda alƙiblar ƙasar Hausa tana wajen gabas. Tsarki da ruwa ake yi, don haka buta ba ta rabuwa da wurin. A ɓangaren al'ada kuma akwai imanin cewa makewayi matattarar aljanu ce, shi ya sa ake hana yara surutu ko waƙa ko daɗewa a ciki, musamman da tsakar rana da almuru. Ko mutum ya ɗauki wannan a matsayin camfi, ya yi amfani ta wata fuskar, domin ya hana yara wasa a bakin rami.

3.3 Wanka da Tsirrai

Kusan duk abin da Bahaushe yake shiga da shi makewayi a da daga daji ko gona ya fito. Ƙwarya daga duma take, soso yaɗo ne da yake bin danga, sabulun salo da toka da mai ake dafa shi, dutse ake goge kaushi da shi, man kaɗe ake shafawa bayan an fito. Amarya ana yi mata wankan lalle, a turara ta da turaren wuta. Dilka da halawa, waɗanda suka shigo ta hanyar Sudan da Borno, su ma sun zama ruwan dare a gyaran jikin amare. Gawa kuma da ganyen magarya ake wanke ta.

Wankan da ya fi kowane shahara shi ne wankan jego. Mace idan ta haihu takan yi kwana 40 tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma. Ana dafa ruwan a babbar tukunya, a ɗaure ganyen tsamiya ko runhu ko darbejiya a riƙa tsomawa ana fyaɗa wa jiki. Ita darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro ko maina, baƙuwa ce, asalinta daga ƙasar Indiya, a zamanin mulkin mallaka aka yaɗa ta a Arewa, amma ta shige cikin al'ada har an manta da baƙuncinta. Irin wannan wanka ba ya yiwuwa sai a fili, inda tururi zai tashi, kusa da murhu, inda tsohuwa mai taimako za ta sami wurin tsayawa.

A nan ya kamata a yi hattara da ɗaukar cewa duk abin da ya fito daga tsiro ko gargajiya lafiya ne. A shekarar 1978 likitoci biyu, N. M. Davidson da E. H. O. Parry, sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a Zariya a kan mata 224 da suka kamu da ciwon zuciya a lokacin jego. Sun danganta yawan ciwon a yankin da shan kunun kanwa mai yawa, wanda yake tara gishiri da ruwa a jiki, tare da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ban da wannan akwai ƙuna da ake samu. Likitoci a yau suna ba da shawarar ruwa mai ɗumi, a kuma rage kanwa.

3.4 Shigowar Banɗakin Zamani

Canji ya fara ne da zuwan Turawa. Sun kawo ma'aikatan duba-gari masu shiga gida-gida suna duba randa da masai da kwata, sun kuma kawo salgar bokiti a barikoki da unguwannin Sabon Gari. Ruwan famfo ya shiga birnin Kano daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Amma masai mai ruwa ya daɗe yana tsare a unguwannin Turawa da gidajen manyan ma'aikata. Sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, siminti ya wadata, sannan talaka ma ya fara sha'awar ginin bulo da kwano. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka kuma a 1979.

Daga nan makewayi ya tashi daga bayan ɗaki ya shigo cikin ɗaki. A yau idan za a ba da hayar gida ko za a kai amarya, tambayar farko ita ce ko ɗakin yana da banɗaki a ciki. Yayin da ake ciki a biranen Kano da Kaduna da Katsina da Maraɗi shi ne a manne bango da tayil tun daga ƙasa har sama, a sa masai na zama, da shawa, da abin wanke hannu, da madubi, da hita, mai hali ya ƙara da kwamin wanka. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ana samun waɗannan kaya iri-iri, na gida da na waje. Launi ma yana da yayinsa. An yi zamanin shuɗi da ruwan hoda, aka koma fari tas, yanzu kuma an fi son ruwan toka da baƙi da mai kama da marmara. Hotunan otal-otal na Dubai da ake gani a Instagram da Facebook, da gidajen da ake nunawa a finafinan Hausa, su ne suke jan akalar wannan sha'awa.

Ba za a musa amfaninsa ba. Mace ba ta ratsa tsakar gida da dare, marar lafiya ba ya shan sanyi, tayil kuma yana wankuwa fiye da daɓe. Matsalar ita ce an ɗauko tsarin da aka yi shi don garin da famfo ba ya ɗaukewa, aka dasa a inda gidaje da yawa suke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Tsohon samfurin masai mai ruwa yana cin lita 9 ko fiye a kora ɗaya, sabon samfuri lita 6. Ke nan jarka ɗaya mai lita 25 kora huɗu ce kawai. Mutum yana iya yin wanka sosai da bokiti ɗaya, amma wanka a kwamin wanka yana neman jarka uku ko huɗu. Shi ya sa a gidaje da dama kwamin ya koma ma'ajiyar ruwa ko ta kayan wanki, shawa ta yi tsatsa, bokiti da kofi suka dawo bakin aikinsu.

Akwai kuma wata dabara a jikin masai mai ruwa da mutane da yawa ba su lura da ita ba. A ƙarƙashinsa bututun ya lanƙwashe, ruwa yana kwanciya a lanƙwasar, wannan ruwa shi ne yake toshe warin da ke tasowa daga rami. Idan ba a kora da isasshen ruwa ba, ko aka bar shi ya ƙafe, sai wari da kyankyasai su shigo, ga shi kuma yanzu taku biyu ne tsakaninsa da gado. Tagar da ake yi masa ƙarama ce, wani lokaci ma tana buɗewa ne cikin wani lungu marar iska. Santsin tayil kuwa ya karya tsofaffi da masu juna biyu ba adadi.

Abin da ya fi waɗannan haɗari yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'idar da hukumomin lafiya da na agaji suke bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Amma filin da ake yankawa ƙafa 50 sau 50 kimanin mita 15 ne a kowane gefe, daga kusurwa zuwa kusurwa ma kimanin mita 21 ne. Wato a irin wannan fili babu yadda za a yi a cika ƙa'idar, ko da an cika kuwa ramin maƙwabci yana jikin katanga. Wannan ya shafi salgar gargajiya da sokawe na zamani baki ɗaya. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ƙirga mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A wannan shekarar dai an ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 48 a ƙasar suna bahaya a fili. Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da wannan ɗabi'a, a watan Oktoba na 2022.

3.5 Yayin Komawa ga Tsirrai da Kayan Ƙasa

A ƙasashen Turai da Amurka masu tsara cikin gida sun daɗe da gajiya da farin banɗaki mai kama da ɗakin asibiti. Abin da suke yayi shi ne a shigo da hasken rana ta rufi, a ajiye tukwanen shuke-shuke, a yi amfani da dutse da katako, a zaɓi launin ƙasa da na ganye. Tushen wannan tunani yana komawa ga masanin halittu Edward O. Wilson, wanda a littafinsa Biophilia na 1984 ya yi bayanin cewa ɗan Adam yana da sha'awar kusantar sauran rayayyun halittu a cikin jininsa. A wannan shekarar kuma Roger Ulrich ya wallafa bincike a kan majiyyata 46 da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a Amurka. Waɗanda tagarsu take kallon itatuwa sun yi matsakaicin kwana 7.96 bayan aiki, masu kallon bangon bulo kuwa 8.70, na farkon kuma ba su nemi magungunan kashe zafi masu ƙarfi da yawa ba. Binciken ƙarami ne, kuma a kan tagar asibiti aka yi shi, don haka masu tallar kaya suna ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Duk da haka ya nuna cewa abin da ido yake gani yana taɓa jiki.

Wani abin da ya shiga wannan yayi shi ne tadalakt, shafen bango na birnin Marakish a Maroko. Ana yin sa da farar ƙasa ƙonanniya, a goge da dutse mai santsi, a shafe da baƙin sabulun man zaitun har ya daina shan ruwa. Da shi ake shafe gidajen wankansu tun da daɗewa, yanzu kuma ana biyan kuɗi masu yawa a yi shi a gidajen Turai. Mutanen Maroko sun riƙe sana'arsu har duniya ta zo ta saya. A ƙasar Hausa kuwa laso da makuba suna ɓacewa. Marinar Ƙofar Mata tana nan, amma karofi da yawa a garuruwa sun mutu, katsi ya yi wuya, yaran magina kuma sun koma ɗora bulo.

Idan aka duba da kyau, hasken sama da iska da dutse da launin ƙasa da ganye, waɗanda ake nema a wannan yayi, duk suna cikin makewayin da aka raina. Abin takaici shi ne yadda yayin yake isowa nan: tayil da aka buga wa hoton katako, da furen roba a kan taga, a ɗakin da rana ba ta taɓa leƙawa ba. An ɗauki kamannin an bar amfanin.

Wannan ba kira ba ne na a koma wa tsohon tsari yadda yake, domin shi ma yana da nasa aibin. Ruwan da yake fita ta rariya yana kwanciya a lungu ya haifi sauro, ƙuda yana fita daga masai ya sauka a kan abinci, bakin rami kuma yakan rufta da damina. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani mai sauƙi. A shekarun 1970 Peter Morgan ya ƙirƙiro wani samfurin salga a cibiyar bincike ta Blair da ke ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. Ana kafa dogon bututu daga ramin ya wuce saman ginin, a rufe bakinsa da raga. Iskar da take wucewa ta saman bututun tana zuƙo warin ta fitar. Ƙudan da ke cikin ramin kuma yana bin hasken da yake hangowa ta bututun, sai ya tarar da raga, ya mutu a nan. Sharaɗinsa shi ne ɗakin salgar ya kasance da rufi da ɗan duhu. Wannan ya dace da rabuwar da Bahaushe ya riga ya yi tsakanin masai da wurin wanka: a rufe masai, a bar wurin wanka rabinsa a buɗe ko a yi masa manyan tagogi a sama da kai, a sa wa ƙasansa dutse ko tayil mai kaushi, a karkata shi kaɗan don ruwa ya gangara.

Ruwan wankan kuma, maimakon a sake shi a lungu, ana iya juya shi zuwa wani ɗan rami mai tsakuwa a cikin gida, a dasa ayaba ko gwanda a gefensa, tunda tsirrai ne masu shan ruwa da yawa, a ƙara da lalle ko ɗaɗɗoya a jikin katanga. Darbejiya ce dai ba a so a matso da ita, domin saiwarta tana bin danshi, takan fasa bututu ta tsaga bangon rami. Ita wurinta ƙofar gida ko tsakiyar fili, inda inuwarta za ta yi amfani, a kuma tsinko ganyenta idan an yi haihuwa.